Bol-joyin ya ci: a canza a gida ko a kai gareji?

Idan bas ta fara ƙwas-ƙwas a kan gargada, tayar gaba kuma tana cinyewa ta gefe ɗaya, a duba bol-joyin, wato gaɓar ƙarfe da ke haɗa tayar gaba da hannun da ke riƙe da ita a jikin mota. Ɗaga motar, kama tayar sama da ƙasa ka girgiza. In ta yi wasa, mai yiwuwa bol-joyin ya tafi. Galibi robarsa ce ta tsage, giris ya fita, yashi ya shiga.

Aikin gida yana yiwuwa idan irin wanda ake ɗaurewa da noti ne, kamar na ƙasa a Toyota Hiace. Jak, sifana, guduma da ƙarfen tokare mota sun isa, kuɗin bakanike kuma ya zauna a aljihu. Wahalar tana wajen raba shi da mazauninsa, don tsatsa kan like su gam. Gefen mazaunin ake duka, ba kan zaren noti ba. Kuma kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Wanda aka matse cikin hannun taya kuwa, labari ya sha bamban. Sai da injin matsi, guduma ɓata ramin kawai za ta yi. Wannan na gareji ne, a ganina babu ja-in-ja. Sai dai ka sayo kayan da kanka, ka tsaya a ɗaura a gabanka, don jabu ya cika kasuwa.

Ko wanne ka zaɓa, canza hagu da dama tare, sannan a kai motar a saita tayoyinta.