Kamfanin da ke taƙaita mana fayil ɗin diyyar ma'aikata: sun iya jera takardu amma sai ka bi bayansu

Duk wanda ke aiki a ɓangaren diyyar ma'aikata ya san wannan ciwon kan, mutum ya ji rauni a wajen aiki, kafin ka ankara fayil ɗinsa ya kumbura, ga takardun asibiti ga rahoton oga ga hoton ƙashi ga rasit ɗin magani, wasu a maimaice wasu ko kwanan wata babu, sannan a ce a tura wa likita mai zaman kansa ya duba ya faɗi ko aikin ne ya jawo ciwon. Shi kuma likitan nan jiyau ne ba ganau ba, bai ga haɗarin ba bai san wajen aikin ba, taƙaitaccen bayanin da aka rubuta masa a kansa zai ɗora ra'ayinsa. Shi ya sa ofis ɗinmu ya fara ba wani kamfani wannan aikin ta intanet, ba zan kama suna ba, kuna loda musu fayil su dawo muku da shi a taƙaice.

Wajen jera abubuwa kam sun ci tuta. Daga ranar haɗari har zuwa ganin likita na ƙarshe komai bi da bi, kowane layi da lambar shafin da aka ɗauko shi, in kana shakka sai ka buɗe ka gani da idonka. A fayil ɗin wani mai aikin sito, takardar sashen gaggawa ta ce gwiwar hagu, rahoton MRI, wato hoton cikin jiki, ya ce ta dama, ba su zaɓi ɗaya sun yi shiru ba, sun sa alama suka ce takardun sun saɓa ku tantance. Rubutun hannun likitoci ma in ya gagare su karantawa sai su ce bai karantu ba, ba sa cikewa da ka. Wannan ya burge ni gaskiya.

Inda muka fara samun matsala shi ne bayanin aikin kansa. Za ka ga sun rubuta "yana aikin ƙarfi" shi kenan. Haba, aikin ƙarfi kamar yaya? Kilo nawa yake ɗagawa, sau nawa a awa, daga ƙasa yake sunkuyawa ya ɗauko ko daga kan tebur, yana murɗa ƙugu in zai ajiye, shekara nawa yana yi, duk wannan likita na buƙata musamman a ciwon da ba rana ɗaya ya faru ba, irin ciwon baya ko danƙewar jijiyar wuyan hannu ko raunin ji. Raunin jin ma ya fi, don iyakar ƙarar da NIOSH, hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, ta ba da shawara ita ce desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) 85 na awa 8, to in ba ka rubuta yawan ƙarar da tsawon lokacin da ko mutumin na sa abin toshe kunne ba, me likita zai auna? Su dai abin da ke cikin takardun asibiti kawai suka iya, na wajen aikin kuwa ko a jikinsu.

Babban laifin da na kama su da shi kuma, cusa ra'ayi. A wani bayani sun rubuta wai ciwon bayan ya samo asali ne daga faɗuwar, alhali wannan ita ce ainihin tambayar da za a yi wa likitan, kun riga kun amsa masa kenan. Kuma mutumin yana da tsohon ciwon baya tun kafin haɗarin, wanda su da kansu suka lissafa a shafi na gaba, to likita ne zai ce faɗuwar ce ta haifar da shi ko tsananta shi ta yi ko ma ba ruwanta. Haka suke haɗe abin da ma'aikaci ya faɗa da abin da aka tabbatar, "ya ce ya zame" daban "ya zame" daban, lauyan ɗaya ɓangaren da wannan kaɗai zai wargaza maka rahoto. A Amurka ofishin OWCP da ke kula da diyyar ma'aikatan tarayya a ƙarƙashin dokar 1916, jami'in da ke riƙe da fayil shi ke rubuta takardar bayanin da ake tura wa likita, abin da aka tabbatar zalla yake sawa, tambayoyin likita a takarda daban, kuma rahoton likitan da aka gina kan bayanin da ba daidai ba nauyinsa raguwa yake yi. Da sun kwaikwayi wannan tsarin da ban yi ƙorafi ba.

Wani abin kuma, sukan kwaso cututtukan da ba su shafi da'awar ba su zuba, sirrin mutum ne fa, ina ruwan mai duba gwiwa da su. Ina zargin manhaja ce ke fara yin aikin sannan wani ya leƙa sama-sama. Da muka yi musu imel dai sun gyara ba gardama, sai dai kuɗinsu da shafi suke lissafawa har da maimaitattun da suka cire da hannunsu, don haka ku tace fayil kafin ku loda.

Har yanzu muna ba su manyan fayil masu rikitarwa, ƙananan kuwa da kanmu muke yi. Sashen bayanin aiki da tambayoyin likita mun karɓe daga hannunsu gaba ɗaya, sauran ma sai ɗayanmu ya karanta layi-layi ya goge duk wani "saboda" da "sakamakon" da suka sa kafin ya tafi wajen likita.