Hilux manuwal ko otomatik? Amsa ga ɗan'uwanmu mai gona a Jigawa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa na ga tambayarka tun jiya da daddare, ka ce kana zaune a Kano, gonarka na can wajen Jigawa inda rani yashi damina laka, kana so ka sayi Hilux ta zamani da za ta kai taki ta kwaso amfanin gona kuma ka riƙa shiga gari da ita, amma an ce maka manuwal ɗin yanzu ba ta da daɗin tuƙi irin ta da, ga shi kai kusan shekara goma otomatik kake ja. To ni dai manuwal gare ni, mai injin lita 2.7 na fetur, shekara ta shida ke nan da ita. Yayana kuma 2.8 mai gas gare shi otomatik, hanya ɗaya muke bi, wani lokacin ma a jere. Maƙwabcinmu na gona 2.8 ce da shi manuwal, ya sha ba ni na ja, sannan na daɗe ina jan 2.7 otomatik a wurin aiki. Don haka duka huɗun na zauna a kujerarsu, abin da ƙafata ta ji zan faɗa maka.

Kafin komai ka tambayi dillalin nan wane inji ne a ciki. Wallahi rabin musun da ake yi a kan manuwal da otomatik daga nan yake, wannan yana maganar mai fetur wancan yana maganar mai gas, kowa kuma yana da gaskiya a tasa motar. Hilux ɗin da ta fito tun 2015, a nan wajenmu an fi samun 2.7 mai fetur, sai masu gas 2.4 da 2.8. Ita 2.7 ƙarfin janta 245 Nm ne kuma ba ta ba ka shi sai inji ya yi sama wajen juyi 4,000 a minti ɗaya. Ita kuwa 2.8, daga gyaran da aka yi mata a 2020, otomatik ɗinta 500 Nm take bayarwa tun daga juyi 1,600, wato kana ɗan taɓa totur ƙarfin ya riga ya zo. Ka ga ninki biyu ke nan har da ɗoriya.

To ka ɗauki 2.7 otomatik ka loda mata buhu 15 na taki, kilo 750 ke nan, ka hau titi. Da zarar an zo ɗan tudu ko kana so ka wuce tirela sai ta fara neman giya, ta sauko ta hau ta sake saukowa, inji na ta kuka mota ba ta ƙara komai ba, allurar mai kuma kana kallonta tana tafiya. Duk wanda na sani mai irinta wannan ne kukansa, idan babu kaya lafiya lau take, idan da kaya sai haƙuri. Tawa mai giya biyar ta hannu, injin ɗaya ne fa, amma ni nake riƙe ta a giya uku har sai na gama hawan, ba ta da damar canza ra'ayi a tsakiyar tudu. Shi ya sa a 2.7 ban taɓa shakkar cewa manuwal ta fi ba.

Amma da ka koma 2.8 sai labari ya juye. Kamfanin Toyota da kansa ya rage wa manuwal ɗin ƙarfi, 420 Nm take bayarwa maimakon 500, don haka wanda ya ce maka ai manuwal ta fi ƙarfi, a wannan injin ba haka ba ne. Sannan abin da maƙwabcina yake yawan faɗa, kuma ni ma na ji shi, giya ɗaya gajeriya ce sosai, awonta 4.78, giya biyu kuma 2.42, ratar ta yi yawa. Ka tashi a ɗaya kafin ka tsallake mahaɗa ta ƙare, ka sa biyu da kaya a baya a kan tudu sai inji ya faɗo ƙasa turbo bai riga ya farka ba, motar ta ɗan yi nauyi na daƙiƙa ɗaya ko biyu sannan ta zabura. Ga totur ɗin yanzu na lantarki ne ba waya ba irin na da, kana takawa sai kwamfuta ta yi nata lissafin, shi ne dalilin da tsofaffin direbobi suke cewa ba sa jin motar a ƙafarsu. Wannan shi ne asalin maganar da aka faɗa maka cewa ta yanzu ba kamar ta da ba, kuma akwai gaskiya a ciki. Wasu daga cikinsu suna da maɓallin iMT, idan ka kunna shi motar ce take daidaita juyin inji lokacin da kake canza giya don kar ta fizge ka, yana taimakawa ƙwarai musamman wajen saukowa daga huɗu zuwa uku, maƙwabcina ba ya kashe shi.

Cikin gari ba sai mun ja magana ba. Ka shiga gosulon Kurna ko wajen Kantin Kwari da yamma da manuwal, kuloci birki kuloci birki, ga 'yan adaidaita suna kutsowa ta ko'ina, kafin ka isa gida gwiwar hagu ta gaya maka. Yayana yana zaune abinsa ƙafa ɗaya. Nan otomatik ta ci babu gardama.

Yashi ne wurin da nake so ka nutsu ka karanta, don a nan mutane suke asarar kuɗi. Shekarata ta farko da motar, watan Mayu ana zafi, na ɗauko taki zan tsallake wani busasshen rafi mai rairayi kafin a kai gona. Na shiga a H4, wato taimakon da tayoyi huɗu duka suke ja, giya biyu, tsakiya na ji ta fara nauyi sai na taka kuloci zan koma ɗaya, ai wannan takawar ita ce ta gama ni, don a yashi da ka raba inji da taya ko na ƙiftawar ido mota ta tsaya cak. Na yi ta ba ta wuta ina sakin kuloci rabi-rabi, taya na haƙa rami, can sai wani wari ya cika cikin motar kamar an ƙona roba da gashi tare, har hayaƙi na gani yana fitowa ta ƙarƙashi. Wani dattijo da ya zo wucewa a kan mashin, ashe tsohon direba ne da ya yi shekaru a hanyar Agadas zuwa Dirku, ya tsaya ya ce yaro kashe ta haka nan, filet ɗin kuloci kake ci. Ya sa muka rage iskar tayoyin huɗu zuwa wajen 18 a ma'aunin iska na PSI, muka share yashin gaban taya da hannu, ya ce in sa taimako L4, wato mai ƙarfin nan na tafiya a hankali, in tashi a giya biyu, in saki kuloci gaba ɗaya in ɗauke ƙafata daga kansa in ajiye a ƙasa, kar in sake taɓa shi sai na hau tudu. Wallahi haka ta fita a hankali kamar ba ita ba. Amma filet ɗin bai ƙara wata uku ba sai da aka sauke giyabos aka canza shi, kuma laifina ne ba na motar ba.

Yayana a wannan rafin dai bai taɓa kafewa ba, don otomatik tana canza giya ba tare da ta yanke ƙarfi daga taya ba, abin da ke tsakanin inji da giyabos ɗinta mai ne yake juya shi, babu filet ɗin da zai ƙone. Ga wanda bai saba ba, yashi da otomatik ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai ita ma tana da nata, wahalar da filet zai sha a manuwal ita man giya ne yake shanta ya koma zafi. Idan ka daɗe kana turza ta a yashi mai zurfi a H4 da kaya, man zai yi zafi har fitilar gargaɗi ta kama, wanda ya yi biris da wannan fitilar kuwa giyabos yake kashewa. Maganin dai ɗaya ne a duka biyun, L4 da rage iska. Mutane da yawa suna da motar shekara da shekaru ba su taɓa murɗa maɓallin nan zuwa L4 ba, alhali yana ninka ƙarfin da ke zuwa taya sau biyu da rabi. Sai ka tsaya cak kafin ka sa shi, a otomatik ka mayar da giya N, a manuwal ka taka kuloci. Kuma da ka hau busasshiyar kwalta ka mayar da ita H2, wato tayoyin baya kaɗai ke ja, barin ta a taimako kan kwalta yana cin ƙarfe.

Laka da ruwa kusan haka ne, illa a manuwal ka zaɓi giyarka tun kana bakin ruwa, yawanci biyu a L4, kar ka taka kuloci a tsakiya don ruwa da taɓo suna shiga tsakanin filet ya fara sulɓi.

Inda manuwal take burge ni har gobe shi ne gangara da kaya. Wanda ya taɓa saukowa daga tsaunin Mambila zuwa Mayo Selbe ya san abin da nake nufi, kwana a kan kwana, idan birki kawai ka dogara da shi zai yi zafi ya daina kamawa. Manuwal ka sa ta a biyu inji ya riƙe ta gam. Otomatik ma za ka iya tura giyar gefe zuwa S ka riƙe ta a biyu ko ɗaya, tana yi, amma riƙon bai kai na manuwal ƙarfi ba, kuma yawancin masu ita mantawa suke da wannan gefen, suna barin ta a D suna ta taka birki. Tashi a kan tudu kuma da ake tsoro a manuwal, da yawa cikin na yanzu suna riƙe maka birki na kamar daƙiƙa biyu bayan ka ɗaga ƙafa, ba ta komawa baya.

Sai maganar ranar da ta lalace a daji, wanda ni a wurina shi ne babban dalilin da ya sa na tsaya a manuwal. Kik ya mutu a gona, yara huɗu su tura ta ka saki kuloci a giya biyu ta tashi, in dai batir yana da ɗan sauran wuta, don motar yanzu idan batir ya mutu murus kwamfuta da famfon mai ba za su yi aiki ba ko an tura. Otomatik babu turi ko kaɗan, kuma ba a janta da igiya tafiya mai nisa taya a ƙasa sai an kwance furofela, in ba haka ba giyabos ya tafi. Filet da dis kuwa kusan duk bakaniken da ke garin da ake cin kasuwa zai iya sauke giyabos ya canza maka, kayan suna nan a Ƙofar Ruwa, kawai ka kula da jabu. Giyabos na otomatik sai ka nemo wanda ya san aikinsa da gaske, kuma man da aka rubuta mata shi ne ATF WS, ranar da wani ya zuba mata kowane jan mai don ya fi araha ranar ta fara mutuwa. Ba banza ba direbobin sahara suke riƙe da manuwal.

Amma fa ka duba wa zai riƙa jan ta. Idan za ka riƙa miƙa wa yaran gona makulli, yau wannan gobe wancan, masu ɗora ƙafa a kan kuloci suna tafiya, to filet zai zame maka kamar kuɗin makaranta, duk zango sai ka biya. A hannu da yawa otomatik ta fi jurewa.

Ko a Amurka ma wannan musun suke. Jeep Gladiator ta fito da manuwal mai giya shida, masu ita da yawa suna son ta a kan duwatsu amma suna kukan kulocin, har kamfanin ya yi kiranye a kan zafin da yake ɗauka, daga ƙirar 2025 kuma suka daina yin ta da manuwal gaba ɗaya. Toyota Tacoma ta 2024 ita har yanzu akwai manuwal, nan ma an ɗan rage mata, doki 270 maimakon 278 na otomatik. Hatta Land Cruiser 79 da muka sani da giyar hannu tun fil azal, a 2023 an fito da ita da otomatik. Na kawo wannan ne don idan wani ya kawo maka Tacoma ko Gladiator 'yar Kwatano ka san abin da za ka duba.

To ni shawarata gare ka ɗan'uwa, idan kuɗinka 2.7 mai fetur zai saya, ɗauki manuwal, sati biyu ƙafarka za ta saba, kuma ka roƙi wani tsohon direba ya shiga yashi da kai sau ɗaya kafin ka shiga da kaya. Idan kuwa 2.8 mai gas ce, kai da kake kwana biyar a Kano kwana biyu a gona kuma ka saba da otomatik, ɗauki otomatik ɗinka hankali kwance, ka nemi bakanike ɗaya mai amana ka riƙe.

Kuma ko wacce ce kar ka biya sai ka ja ta da kanka. Manuwal ka sa ta a giya huɗu tana tafiya a hankali ka take totur har ƙasa, idan kukan inji ya tashi gudu bai ƙaru ba filet ya gama, a cire kuɗinsa daga ciniki. Otomatik ka tsaya ka sa D ka sa R, idan tana jinkiri ko tana bugawa kafin ta kama ka bar ta, kuma ita ba ta da sandar duba man giya, sai bakanike ya shiga ƙarƙashi ya buɗe ya ga kalar man ya sunsuna. Sannan ka sauka daga kwalta ka nemi fili mai ƙasa ka gwada H4 da L4 ka ga fitilarsu ta kama ta tsaya ba ta ƙiftawa, don motocin da suka yi rayuwarsu a Abuja ba a taɓa sa musu taimako ba, wani lokacin ɗan injin lantarkin da ke sa shi ya riga ya maƙale.