Nema wa tsohon kare gida a Injamena: yadda na ga aikin wani asibitin dabbobi

A kudancin Injamena akwai wani ƙaramin asibitin dabbobi mai zaman kansa wanda, baya ga duba tumaki da kaji da karnuka, ya ɗora wa kansa aikin da ba a saba gani ba a garin nan. Yana karɓar karnukan da masu su suka tafi suka bari, galibi baƙi ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da wa'adin aikinsu ya cika, da kuma waɗanda aka tsinta a titi da rauni, sai ya ba wasu masu tausayin dabba riƙonsu har a samu gidan da zai ɗauke su dindindin. Kawuna, wanda yake da lambu da 'yan raguna a bayan gari, ya karɓi wani tsohon kare ta wannan hanya, kuma da yake ba ya karanta Faransanci, ni na tsaya masa a kan takardu. Hukuncina shi ne likitancinsu da gaskiyarsu sun cancanci yabo, amma ma'aunin da suke auna gidan kirki da shi bai san gidajenmu ba.

Tsohon kare shi ne mafi wuyar samun mai ɗauka, domin mafi yawan masu neman kare a nan gadi suke so, wato wanda zai yi haushi ɓarawo ya ji tun daga bakin layi. Wannan kuwa kare ne irin na gida, ja mai farin ƙirji, wanda likita ya ƙiyasta ya kai shekara goma, kuma ya daɗe a hannun wata mata da ke riƙonsa a unguwar Mursal ba tare da kowa ya taya ba. Abin da ya fara burge ni shi ne ba su yi ƙoƙarin ɓoye tsufansa ba. A gabanmu likitan ya ɗaga leɓen karen ya nuna mana haƙoran da suka cinye da ɗaya da ya karye, ya haska fitila a idonsa na hagu muka ga yanar da ta fara rufe shi, sannan ya sa aka zaga da shi a tsakar asibitin domin mu lura da yadda yake jan ƙafar baya kafin jikinsa ya saki. Bayan haka ya dubi Kawu ya ce, "Baba Alhaji, wannan ba zai kori ɓarawo ba, iyakarsa ya sanar da kai an taɓa ƙofa, kuma shekarun da suka rage masa ba su da yawa." Kawu ya amsa da cewa mai sanarwa yake nema, domin kare mai zafin kai zai tsorata ragunansa da jikokinsa, ya ƙara da cewa da tsohuwar zuma ake magani. Duk wanda ya san yadda ake cinikin dabba a kasuwa, inda akan yi ta rantsuwa a kan tsohuwar akuya cewa ba ta taɓa haihuwa ba, zai fahimci darajar wannan bayani.

Kafin a yi maganar komai, sun miƙa mana katin rigakafin cutar haukan kare mai ɗauke da kwanan wata da hatimi, kuma a ganina ko wannan kaɗai ya isa dalilin da mutum zai bi ta hannunsu maimakon ya karɓi kare daga maƙwabci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, kusan dukkansu ta cizon kare, kuma da zarar alamunta sun bayyana babu sauran magani. Mutanen Injamena sun san abin da rigakafi yake iya yi. A 2012 da 2013 an yi gangamin allura kyauta a garin, wanda cibiyar binciken dabbobi da ke unguwar Farsha ta gudanar tare da wata cibiyar nazarin lafiya ta ƙasar Siwizalan, aka yi wa fiye da kashi 70 cikin 100 na karnukan garin allura, cutar ta ja baya ƙwarai na wani lokaci, kafin ta sake shigowa daga wajen gari. Saboda haka asibitin ya rubuta mana ranar da za a sabunta allurar, ya kuma jaddada wa Kawu cewa idan kare ya ciji yaro, ko da nasa ne, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 sannan a nufi asibiti ba tare da jira ba.

Ba su sayar mana da karen ba, abin da suka nema shi ne a mayar musu da kuɗin allura da maganin kaska da na tsutsar ciki. Wannan ya kwantar wa Kawu da hankali, domin a mazhabar Malikiyya da muke bi an hana cinikin kare, kuma malamai sun yi saɓani ko a kan wanda aka halatta ajiyewa don kiwo ko gona ko farauta.

Sashen da ya fi ɗaukar lokaci shi ne ziyarar gida, kuma a nan ne na ga ƙwarewarsu da kuma gazawarsu. Wata matashiya daga cikin ma'aikatan ta zo lambun da takardar tambayoyi, ta duba katanga, ta duba inda za a ajiye kaskon ruwa, ta tsaya ta lura da inda inuwa take faɗawa da azahar, domin zafin watan Afrilu a nan yakan wuce digiri 40, kuma kare ba ya yin gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafin jikinsa, tsoho kuwa shi zafi ya fi saurin kayarwa. Ta tambaya ko ana gyaran kifi a gidan, da kuma ko karen zai riƙa sauka kogi. Tambayar tana da tushe, domin tun 2012 aka fara gano kurkunu a jikin karnuka a Chadi, musamman a ƙauyukan bakin kogin Shari, har adadin ya kusa 2,000 a 2019, kuma masu yaƙi da cutar, ciki har da cibiyar Carter ta Amurka, suna danganta hakan da ɗanyen kayan cikin kifi da ake watsar wa karnuka. Shawararsu ita ce a binne kayan cikin, kuma a ɗaure duk karen da tsutsar ta fito masa don kada ya shiga ruwa. Ta kuma gargaɗe mu da kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen da ake saye a tebur, domin yana lalata wa kare ciki da ƙoda, kuma a rage ba shi ragowar miya mai yawan albasa da dafaffen ƙashin kaza. Gargaɗin maganin ya fi komai muhimmanci ga mai tsohon kare, domin idan aka ga yana ɗingishi da sanyin safiya, abin da hannu yake fara kaiwa gare shi ke nan.

Inda muka saɓa shi ne sharuɗɗan da ke ƙasan takardar, waɗanda daga gani an kwafo su ne daga wata ƙasa ba tare da an waiwayi inda ake ba. Ɗaya ya ce dole karen ya kwana cikin ɗaki, wani kuma ya ce a ciyar da shi abincin karnuka na buhu da ake shigowa da shi daga waje, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin magidanta. Kawu ya ce mata cikin Larabcin Chadi, wanda shi ne harshen da ya haɗa su, "'Yata, a gidan nan kare ba ya shiga ɗakin da ake salla, amma ga rumfa, ga darbejiya, ga ruwa mai sanyi a randa, kuma abin da muka ci shi zai ci." Ta ce, "Baba, ba ni na rubuta ba, haka takardar ta zo." Sai da maganar ta koma wurin likita kafin ya soke sharuɗɗan da alƙalaminsa, ya maye gurbinsu da busasshen wurin kwana da buhu ko tsohuwar tabarma saboda gaɓoɓinsa, da tuwo mai laushi haɗe da dafaffen nama ko kifi saboda haƙoransa. Ya kyauta, amma gyara ne na mutum ɗaya, takardar tana nan yadda take, kuma magidancin da ba shi da mai tsaya masa zai karanta ta ya juya ya tafi. Haka kuma sanarwar karnukan da ke neman gida da Faransanci kawai ake yin ta, a wani zauren WhatsApp da yawancin mutanen cikinsa baƙi ne masu shirin barin ƙasar nan gaba, alhali masu lambu da masu kiwo, waɗanda su ne ke da fili da inuwa da zama wuri ɗaya, ba sa jin labari sai bisa katari.

Akwai wasu abubuwa biyu da ban ji daɗinsu ba. Ba a rubuta mana kuɗin a dunƙule tun farko ba, sai aka riƙa ambato su ɗaya bayan ɗaya, kuma ko da yake babu wanda ya wuce hankali, hakan yana sa mutum zargin abin da babu shi. Sun kuma yi alkawarin dawowa su duba yadda karen ya saba da sabon wuri, amma sai da muka yi ta kira kafin aka turo mutum. Wadda ta fi su bibiya ita ce matar da ta yi riƙonsa, wadda ta aiko da kwanon cin abincinsa da tsohon bargonsa, ta kuma sanar da mu cewa yana tsoron ƙarar babur kuma ba ya son a zo masa ta gefen idon da ba ya gani sosai.

Ina ba da shawarar asibitin ga mai gida mai katanga da inuwa wanda yake son kare mai natsuwa kusa da dabbobinsa, kuma ya yarda zai ɗauki nauyin magani idan tsufa ya ƙara yi masa nauyi. Mai neman kare na gadin shago ko sito ya nemi wani wuri, domin su kansu ba za su ba shi ba. Wanda zai je ya nemi a rubuta masa dukkan kuɗin kafin ya sa hannu, ya tambayi wanda zai karɓi karen idan zama bai yiwu ba, kuma idan da hali ya bari sai lokacin sanyi, tsakanin Disamba da Janairu, kafin ya sauya wa tsohon kare wurin zama.