Makarantun gwamnatin gundumarmu a Amurka: abin da na gani a hutun ƙarshen shekara

Assalamu alaikum iyayen yara, musamman ku da kuka shigo Amurka ba da daɗewa ba kuna ta tambaya wai makarantar gwamnati ta nan ana iya saka yaro a cikinta hankali kwance? Ni dai yarana uku ne a ciki, biyu a firamare ɗaya a ta tsakiya wato kamar ƙaramar sakandare, kuma wannan shi ne hutun Disamba na uku da muka yi da su, to na ga ya kamata in faɗi abin da idona ya gani, da mai daɗin da marar daɗin. Ba zan kama sunan gundumar ba saboda akwai ƙorafi a cikin maganata kuma ba tozarta kowa na zo yi ba, in da maki ake bayarwa dai huɗu cikin biyar zan ba su, kuma zan faɗi inda ɗayan ya tafi.

Da farko ga waɗanda ba su gane tsarin ba, nan makarantu ba a hannun gwamnatin tarayya suke ba, kowane yanki da gundumar makarantunsa, sun haura dubu 13 a ƙasar, kowace da hukumarta da yawanci mutanen gari ne ke zaɓa da ƙuri'a, ita kuma hukumar ta ɗauki shugaban da zai tafiyar da aiki. Kuɗin kuwa mafi yawansa daga jiha yake fitowa da harajin gidaje na yankin, abin da tarayya ke sakawa kaɗan ne, shi ya sa za ki ga unguwa biyu titi ɗaya ne ya raba su amma makarantunsu kamar ba ƙasa ɗaya ba. Adireshin gidanki shi ke yanke inda yaronki zai je. Don Allah kafin ki sa hannu a takardar haya ki fara duba wace gunduma gidan ya faɗa, mu Allah ne ya yi mana gyaɗar dogo don ba mu san haka ba lokacin da muka kama gida.

To sati ɗaya kafin a tashi hutu suka turo mujallarsu ta ƙarshen shekara ta imel, doguwa ce sosai da hotuna, shugaban gunduma ya yi gaisuwar biki a sama, sai labaran nasarori, 'yan sakandare sun ciyo kofi a wasa, ƙungiyar masu haɗa robot ta haye zagaye na gaba, an karrama wata malama, an gama gyaran rufin wata makaranta, ɗaliban ajin ƙarshe har wasu sun fara samun takardar shiga jami'a. Duk abin farin ciki ne kuma na taya su murna har zuciyata, amma gaskiya ni ba wannan ne ya sa na zauna rubutu ba, abin da ya taɓa ni yana can ƙasa-ƙasa a layi uku ko huɗu, inda suka ce duk iyalin da ke buƙatar abinci ko kayan sanyi a lokacin hutu ya cike fom ko ya kira ofis, ba za a tambaye shi dalili ba.

Wanda bai zauna nan ba zai ce Amurka kuma wa ke rasa abinci? Wallahi akwai, kuma da yawa. Tun 1946 da Shugaba Truman ya sa hannu a dokar abincin rana na makarantu, aka zo aka ƙara karin kumallo a 1966, yara miliyoyi a makaranta suke samun cin safe da na rana, iyalin da samunsu bai wuce kashi 130 cikin ɗari na layin talauci ba kyauta yaransu ke ci, wanda bai wuce kashi 185 ba kuma a rage masa, na rana ba ya haura senti 40. To ki lissafa, a rufe makaranta kusan sati biyu cikin tsananin sanyi, ga kuɗin ɗumama gida ya tashi, ga yara a gida daga safe har dare bakinsu ba ya hutawa, cin nan biyu da makaranta ke ɗauke miki ya dawo kanki. A bana mu ma abin ya same mu, an rage wa maigida awannin aiki tun bayan bikin godiya na Thanksgiving da ake yi a ƙarshen Nuwamba, na daɗe ina kallon fom ɗin nan ina jin nauyi kafin na cike.

Ranar Juma'ar da aka tashi hutu ƙaramar tawa ta sauko daga bas tana jan jakarta da ƙyar, na ce ke me kika ɗebo haka, ta ce Mama ni ma ban sani ba, da muka dawo daga wasa na ji ta yi nauyi. Ashe malamar ce ta jira sai da yara suka fita filin wasa sannan ta saka ledar a cikin jakar ta zuge zif, don kada wani yaro ya gani ya yi mata gori. Na zazzage a kan tebur, shinkafa, taliya, kwalin madara irin wadda ba ta buƙatar firij, man gyaɗa na shafa wa burodi, gwangwanaye huɗu, tuffa, da wani ɗan littafin labari an rubuta sunanta a bangon ciki da biro. Na tsaya ina kallon kayan nan sai da hawaye ya zubo min, ba don yawansu ba, yadda aka rufa mana asiri ne ya kama ni. Mutumin da ya ba ka abu ya kuma kare maka mutunci a gaban 'ya'yanka ai ya gama maka komai.

Haka ma rigar sanyi. Babban ya yi tsawo farat ɗaya jaket ɗinsa ta bara hannun ya tsaya masa a tsakiyar damtse, na yi wa ma'aikaciyar jin daɗin ɗalibai magana, ta ce in zo bayan an tashi, ta buɗe min wani ɗan ɗaki kusa da ofis an rataye riguna bisa girma-girma, da huluna da safar hannu da takalman dusar ƙanƙara, iyaye da malamai ne suka tara tun Nuwamba, ta ce in zaɓa ta juya ta ci gaba da aikinta ba ta tsaya a kaina ba. A bakinta na ji cewa akwai doka tun 1987, McKinney-Vento, da ta wajabta wa kowace gunduma ta ajiye mutum guda mai kula da yaran da ba su da tsayayyen wurin kwana, har da waɗanda ke zaune a otal ko suka raɓu a gidan dangi saboda rashi, kuma yaron yana da damar ci gaba da zuwa makarantarsa ta da ko da sun tashi daga unguwar. Na faɗa ne don na san akwai 'yan uwanmu da suke raɓe a falon wani suna ɓoyewa, suna tsoron in makaranta ta sani za a kori yaran, alhali taimako ma za a ƙara musu.

Tunda na taɓo tsoro, bari in ƙara wannan, ranar da muka je rijista ba wanda ya tambaye mu takardar zama, shaidar adireshi suka nema da katin rigakafi da abin da zai nuna shekarun yaro, Kotun Ƙoli ta yanke tun 1982 a shari'ar Plyler da Doe cewa ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda matsayin takardunsa. Kada ki bar yaro a gida don wannan.

Sai daren wasan hunturu da suka yi a babban ɗakin motsa jiki. Na je da ɗar-ɗar gaskiya, don ina tunanin waƙoƙin coci za a sa yara su yi, tun kafin ranar ma na rubuta wa malamin kiɗa na tambaye shi, ya turo min jerin abin da za su rera gaba ɗaya, ya ce duk wadda ban yarda da ita ba yaro zai iya zama ba abin da zai taɓa makinsa. Yawanci na dusar ƙanƙara ne da sanyi da zumunci, guda biyu na Kirsimeti ne sosai, na ce a cire nawa a waɗannan aka kuma cire ba tare da wani ɓacin rai ba. Amma abin da ba zan manta ba shi ne ɗana na tsakiya, yaron da ya shigo ƙasar nan ko sunansa aka tambaya da Turanci sai ya sunkuyar da kai, wata shida na farko kullum da kuka yake hawa bas, shi ne aka ba makirufo ya karanta gajeren rubutun da ya yi da kansa a kan ranar da ya fara ganin dusar ƙanƙara. Takardar tana rawa a hannunsa, ya yi tuntuɓe a kalma ɗaya ya tsaya, na hango malamarsa ta ajin koyon Turanci a durƙushe a gefen dandamali tana motsa baki tana faɗa masa a hankali, ya ɗauka ya ƙarasa, ɗakin ya ɗauki tafi. Babansu da ba ya nuna komai a fuska sai da na ga ya cire tabarau yana gogewa. Wannan ajin ba alfarma ba ce, tun shari'ar Lau da Nichols ta 1974 da iyayen yara 'yan asalin Sin suka kai makarantun San Francisco aka tabbatar dole makaranta ta taimaki yaron da bai iya Turanci ba, amma doka daban, samun malama mai durƙusawa saboda ɗanki daban. Sunan yarona bai fito a mujallar nasarori ba, ni kuwa a wurina duk shekarar ba nasarar da ta kai wannan.

Yanzu inda makin nan ɗaya ya tafi. Na farko saƙonninsu. Suna da manhajar da ke fassara sanarwa kai tsaye zuwa harshen da uwa ta zaɓa, na zaɓi Hausa don in gani, abin da ke fitowa wani lokaci ba kai ba gindi, kalmar hutu ta koma karyewa, taron hukumar makarantu ya koma taron katako. Ni ina iya komawa in karanta na Turancin, amma wata baiwar Allah da muke salla tare ba ta iya ba, ba ta gane ranar ƙarshe ta cike fom ɗin abincin ba har ta wuce, sai da na raka ta ofis muka yi bayani, sun ba ta daga abin da ya rage amma da ba ta da mai raka ta fa? Haƙƙin iyaye ne a yi musu bayani da harshen da suke ji, kuma in kin nemi tafinta kyauta ne, sai dai kafin a samo mai Hausa a waya ranar mun fi rabin awa a zaune. Sanarwa mai muhimmanci irin wannan ya kamata mutum ya duba ta kafin a tura.

Na biyu abinci. Cikin gwangwanayen nan huɗu ɗaya wake ne da naman alade, an rubuta a jiki, na ba maƙwabciyata, kuma a walimar aji an raba alewa mai laushin nan da ake yi da jelatin, sinadarin da sau da yawa daga fatar alade ake samo shi, yarinyar ta kawo gida ta tambaye ni, Allah ya sa na riga na koya musu su dinga tambaya. Na san ba da gangan ba ne, kayan sadaka ne aka tara, amma a fom ɗin akwai gurbin rubuta abin da yaro ba ya ci saboda lafiya, babu na addini, layi ɗaya kawai za su ƙara. A kantin cin abincin makaranta ma haka, ranar da aka yi fiza mai naman alade nawa sai dai su ci mai cuku zalla, babu naman halal ko sau ɗaya a sati.

Na uku shi ne ya fi tsaya min a rai. Hutun nan na sati biyu an gina shi ne a kan Kirsimeti da sabuwar shekara, ban ƙi ba, mu ma mun huta mun ji daɗi, amma ranar Idi yarana sai dai in rubuta takarda a ba su uzuri, ba a rubuta musu fashi ba amma darasi ya wuce su, bara ma babban ranar ƙaramar salla aka saka musu gwajin lissafi, ya je masallaci da littafi a hannu. Birnin New York da ya fi kowa yawan ɗalibai a ƙasar ya sanar tun 2015 cewa zai dinga rufe makarantu ranar Idi biyun, kuma wasu gundumomin sun bi sahu, to abu ne mai yiwuwa. Mu ba mu kai su yawa ba na sani, amma ko ranar ba za a rufe ba a hana saka jarrabawa da manyan wasanni a cikinta, wannan ba ya cin ko dala ɗaya.

A ƙarshen mujallar sun rubuta cewa a zaman hukuma na Janairu za a tattauna kalandar shekara mai zuwa, kuma zaman a buɗe yake ga kowa, ana ba duk wanda ya rubuta sunansa minti uku ya yi magana. Na riga na rubuta nawa, mu biyar ne zuwa yanzu daga masallacinmu, na fara tsara abin da zan faɗa, da godiyar ledar nan da malamar da ta durƙusa zan fara sannan in kawo maganar Idi da fom da tafinta, na tsakiyan ne ma yake duba min Turancin yana gyara min inda na kauce. In kina gundumar da ba a ba da hutun salla ki duba shafinsu ki ga ranar zaman naku, yawanci da yamma ne bayan an tashi aiki, kuma ana shiga da yara.