Hutun iyali a Alƙahira da ɗan abin hannu: me za a saya, me za a bari?

A shekarar 1324 Mansa Musa, sarkin Mali, ya ratsa Alƙahira a hanyarsa ta Hajji, ya yi ta rabon zinariya har darajarta ta faɗi a kasuwar garin. Shekara 700 ke nan, amma har gobe in ka fito daga filin jirgi da babbar riga, uwargida da yara na biye da kai, wani direban tasi kallon jikan Mansa Musa zai yi maka. To kai ba shi ba ne. Albashi ka tara, ko adashi ka ɗauka, kana so yara su ga dalolin Giza da gawar Fir'auna su dawo ba tare da ka ci bashi ba.

Mu shida muka je, ni da uwargida da yara huɗu, muka yi kwana tara. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne kuɗin hutun iyali iri biyu ne. Akwai wanda ake biya kan kowane mutum: tikitin jirgi, biza, kuɗin shiga gidan tarihi, farantin gidan abinci. Akwai kuma wanda ake biya sau ɗaya ko ku nawa ne: hayar gida, mota, kwalekwale, tukunyar girki. Mai tafiya shi kaɗai bai damu da wannan bambanci ba. Mai iyali kuwa duk abin da zai saya sai ya tambayi kansa a wane ɓangare yake.

Jirgi da biza

Nan ne mafi yawan kuɗin ke tafiya, kuma nan ne dabara ta fi ƙaranci. EgyptAir na tashi kai tsaye daga Kano da Abuja da Legas. Daga Kano tafiyar awa huɗu ce da ɗoriya. Ethiopian Airlines kuma sai an yada zango a Addis Ababa, a jira, a sauya jirgi. Wani lokaci mai zangon ya fi araha, kuma ɗan ragin da mutum ɗaya zai raina, in aka ninka shi sau shida ya zama kuɗin masaukin kwana biyu ko uku. Sai dai ka duba awa nawa ne jiran. Awa biyu ko uku ba komai. Tsakar dare da jariri a kan kujerar ƙarfe kuwa, arha ba ta ado.

Shekarun yara ma kuɗi ne. Wanda bai kai shekara 2 ba a cinya yake zama, abin da ake biya masa kaɗan ne. Daga 2 zuwa 11 wasu tikitocin na da rangwame. Da ya cika 12, babba ne a wajen kamfanin jirgi. In ɗanka zai cika 12 a watan Satumba, tafiyar Agusta ta fi maka. Ka kuma karanta kilo nawa aka ba kowane tikiti kafin ka yi murna da arha, domin iyalin Bahaushe ba sa dawowa daga Masar da jakar da suka tafi da ita.

Mai fasfon Najeriya sai da biza a hannu kafin ya hau jirgi, da katin rigakafin shawara, har na yara. Kana iya nema da kanka ta ofishin jakadancin Masar da ke Abuja, ko ka ba ejan. Ejan zai so ya haɗa maka komai a dunƙule, jirgi da otal da motar yawo, ya faɗi farashi kan kowane mutum. Ga dattawan da ba sa son wahala, ko gidan da ba mai jin Larabci ko Turanci, wannan ba laifi. Amma ka lura da abin da ya yi: ya ɗauki masauki da mota, waɗanda ya kamata a biya sau ɗaya, ya mayar da su na kowane kai. Motar yawon kuma sai ta tsaya a shagon turare da na takardar gargajiya, inda mai yi muku jagora ke da la'adarsa. Ni shawarata, a ba ejan aikin biza in ana so, sauran a yi da kai.

Otal ko gidan haya

A otal, ɗaki ɗaya manya biyu ne da yaro ɗaya, in an matsa biyu ƙanana. Mu shida ke nan ɗaki biyu, kullum. Akwai karin kumallo, akwai mai gyaran gado, akwai wanda za ka kira in famfo ya lalace. In kwana uku za ku yi, ko ku uku ne kacal, otal ya fi, kada ka wahalar da kanka.

Daga kwana biyar zuwa sama, ko yara sun kai uku, gida mai kaya a ciki ya fi, wanda Misirawa ke kira shaƙƙa mafrusha. Ɗaki biyu ko uku, falo, kicin da firiji, sau da yawa har da injin wanki, kuma kuɗinsa ɗaya ne ko ku huɗu ne ko ku bakwai. Ana samu ta Airbnb ko Booking.com, inda za ka karanta abin da waɗanda suka zauna kafin kai suka rubuta, ko ta hannun dillali, wato simsar. Na dillali yakan fi sauƙi tunda ana ciniki, amma da la'adarsa a kai, kuma kada ka tura ko sisi kafin idonka ya gani.

Mu abin da muka yi, mun kama otal na dare ɗaya, washegari muka bi dillali. Gidan farko da ya kai mu, a hoto kamar fadar sarki. Da muka isa, hawa na bakwai ne, lif ɗin kuma an liƙa masa takarda. Mai gadin ginin, bawwab suke ce masa, ya ce gobe za a gyara in sha Allahu. Ƙurar da ke kan maɓallin ta nuna goben ta daɗe ba ta zo ba. A hawa na huɗu uwargida ta tsaya tana haki, ta ce, "Malam, in ka biya kuɗin gidan nan, kai za ka riƙa goya auta." Muka juyo. A gida na biyu sai da na kunna kowane esi, na buɗe famfon ruwan zafi, na kunna murhun gas, na tambayi wa ke sa kuɗi a mitar wuta, sannan muka yi ciniki. Wannan tambaya ta mita kada ka manta da ita in da zafi kuka je, don esi uku dare da rana ba wasa ba ne. Ka riƙe kwafin takardar aure ma a jaka. Wasu masaukan kan tambaya.

Unguwa kuwa ita ce rabin farashin. Zamalek tsibiri ne a tsakiyar Nilu, ga bishiyoyi ga ofisoshin jakadanci, ga tsada. A je yawo a dawo. Tsakiyar gari, Wust al-Balad, kusa yake da komai, amma gine-ginen tsofaffi ne kuma hon ba ya yankewa har asuba. Faisal da Haram sun fi ko'ina araha, suna kusa da dalolin, sai dai cunkoso ya isa. Madinat Nasr na kusa da filin jirgi, ɗaliban Azhar 'yan Afirka da yawa a can suke, ba za ka rasa mai jin Hausa ba. Aibinta nisa daga kogi da Giza, kullum kuna cikin mota. Masaukan da ke gindin dalolin, a Nazlat al-Samman, suna da daɗin dare ɗaya, a hau rufi a sha shayi ana kallo, amma ba na mako guda ba.

Ni Dokki na zaɓa, kuma in zan koma can zan sauka. Tana yammacin kogi, akwai kasuwar kayan miya da gidajen burodi, kuma daga tasharta ta jirgin ƙarƙashin ƙasa tsayawa biyu ce ka isa Dandalin Tahrir.

Sai lokaci. Dogon hutun makarantunmu ya faɗo a Agusta, lokacin da zafin Alƙahira ke wuce digiri 35, kuma lokacin ne Larabawan yankin Gulf ke cika gidajen haya na Muhandisin da Dokki, farashi ya hau. Disamba da Janairu akwai sanyi mai daɗi da rana, mai cizo da dare, amma Turawa sun cika gari. Wanda yaransa ba su shiga makaranta ba, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi masa.

Zirga-zirga da ciki

Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Alƙahira, metro, tun 1987 yake aiki, shi ne na farko a Afirka. Layi uku ne, kuɗinsa kaɗan, cunkoson titi bai shafe shi ba, kuma akwai taragun mata zalla a tsakiyar kowane jirgi. Uber da inDrive suna aiki, sun fi tasin kan titi kwanciyar hankali tunda an san kuɗin kafin a shiga. Ƙaramar mota dai mutum huɗu take ɗauka, don haka mu shida sai mota biyu. Muka raba: inda metro ke zuwa mu bi shi, dalolin Giza da ba ya kaiwa sai mota. Lambobin motocin da Larabci suke, nan karatun Islamiyya ya yi rana. 'Yata mai shekara tara ce ke gano mana motarmu, da lambobin da ta saba gani a shafukan Alƙur'ani.

Abinci shi ne wurin da Bahaushe ba ya baƙunta. Ta'amiyyarsu ƙosai ne, da wani irin wake. Mulukiyya miyar lalo ce, bamiya kuɓewa, karkade zoɓo. Koshari, shinkafa da taliya da wake ƙanana da soyayyar albasa da miyar tumatir, kwano ɗaya ya ƙosar da babba. Da safe a sayo burodinsu, aish baladi, da ful, wato dafaffen wake, da ta'amiyya a dafa shayi a gida; rana a ci koshari a waje; dare uwargida ta ɗora tukunya. A tafi da yaji da kuka da daddawa, domin girkinsu ba ya jin barkono. Gidan abinci mai teburi da ma'aikata kuwa, bayan farashin da ke rubuce akwai harajin kashi 14 cikin ɗari, sannan da kuɗin hidima. Sau ɗaya ya isa a yi wa yara wannan gata.

Ƙofofin da ake biya

A Masar dala biyu ce: wadda ka je gani da wadda ke fita daga aljihunka. Tun watan Maris na 2024 da aka saki darajar fam ɗinsu, dalar Amurka ɗaya kan kai kusan fam 50. Ka tafi da sababbin takardu marasa yagewa, ka canza kaɗan-kaɗan a banki ko shagon canji mai lasisi. Ka kuma tanadi katin banki da ke aiki a waje, domin manyan wuraren tarihi, har da dalolin, sun daina karɓar tsaba a ƙofa, katin naira kuwa ba kullum yake amsawa ba. Baƙo na biyan ninkin ba ninkin abin da ɗan ƙasa ke biya. Yaron da bai kai shekara 6 ba kyauta ne, ɗalibi mai katin shaida rabin kuɗi.

Dalolin ba a barinsu. Amma shiga cikin babbar dala ta Khufu tikiti ne daban mai tsada, kuma abin da ke ciki rami ne matsattse da ake hawa a sunkuye, ƙarshensa ɗaki mai akwatin dutse wayam. Ku tsaya a waje. Masu raƙuma kuwa, kafin yaro ya ɗaga ƙafa a yanke magana: nawa, fam ko dala, kan mutum ɗaya ko duka, da dawowa ko babu. Wani ya ce da ni, "Ya Hajj, hawa kyauta." Sauka ce ta zama da kuɗi, ɗana na can sama yana kiran Baba.

Gidajen tarihi manya uku ne, mai iyali ba sai ya shiga duka ba. Sabon na Giza, da aka buɗe a hukumance a watan Nuwamba na 2025, shi ke da kayan Fir'auna Tutankhamun gaba ɗaya, shi ne kuma mafi tsada, yini guda yake ci. Tsohon na Tahrir tun 1902 yake nan. Na Fustat shi ne inda aka kai gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 a watan Afrilun 2021, har da Ramsis na Biyu, wanda mutane da yawa ke cewa shi ne Fir'aunan Annabi Musa, ko da yake masana tarihi ba su yanke hukunci a kai ba. In ɗaya aljihu zai ɗauka, a gidan Bahaushe na Fustat za a zaɓa, don shi za a tambaye ku in kun dawo. Ba a ɗaukar hoto a zauren gawarwakin.

Sauran kwanakin ba sa cin kuɗin ƙofa. Masallacin Azhar, da aka fara ginawa a 970, da na Sayyidina Husaini da ke tsallaken titi, da titin Mu'izz da dare in an kunna fitilu. Masallacin Amr bn al-As na nan kusa da tashar metro ta Mar Girgis, na Ibn Tulun mai hasumiyar da matakalarta ke zagayawa ta waje ya haura shekara 1,100. Da la'asar a sauka bakin Nilu a ɗauki kwalekwale mai filafilai, faluka, wanda ake biya da awa kan jirgin gaba ɗaya. Mai jirgin zai fara da ƙirga ku. Ka ce masa jirgi ka zo haya.

Tsaraba a bar ta sai kwana biyun ƙarshe. Kasuwar Khan al-Khalili ta kallo ce da shan shayi, farashin 'yan yawon buɗe ido ne. Abaya da mayafi da takalman yara a gangara Muski da Ataba, inda matan gari ke saye. Littattafan addini kuma suna lungunan bayan Azhar, da arhar da ke sa mutum ya manta takarda nauyi gare ta. Ni na manta. Daren da za mu taho sai da bawwab ya aro mana sikelin mai kayan miya, muka baje jakunkuna a falo, aka cusa wa kowane yaro mujalladi biyu na tafsiri a jakar goyonsa.