Bulon gilashin oda: haske ya shigo, kala ta zube

Wanda ya san gidajen unguwar Aboabo a Kumasi ya san rigimar taga. Fili ya ƙare tun zamanin kakanni, gida manne da gida, duk wanda ya samu kuɗi sama yake hawa. Da muka ɗora bene a gidanmu na gado, matakala ta faɗo ɓangaren yamma, daidai saman tsakar gidan maƙwabcinmu, inda matansa ke girki da wanki. Maƙwabcin, Baaba Alhaji, abokin marigayi mahaifinmu ne, bai ma jira an fasa tagar ba ya aiko a ce min in rufa masa asiri. Ban ga laifinsa ba. To amma idan aka toshe wurin da bulon siminti, ko da azahar sai an kunna wuta kafin a ga tudu, ga dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ga Mma da idonta ya fara rauni amma ba mai hana ta hawa wajen jikokinta.

Ɗan yayana da ke karatun zanen gini a Tech, wato jami'ar KNUST ta Kumasi, shi ya kawo maganar bulon gilashi. Ni a sanina abin banɗakin otal ne da asibitocin da, sai ya buɗe waya ya nuna min ginin Hermès na Tokyo, wanda Renzo Piano ya zana aka buɗe a 2001, bene sukutum an lulluɓe shi da bulon gilashi wajen 13,000, kowanne an yi odarsa musamman daga Italiya. Na ce masa, kai yaro, nan Aboabo ce. Amma maganarsa ta zauna min: haske zai wuce, ido ba zai wuce ba, ɓarawo ma ba zai zare shi yadda ake zare gilashin luba ba.

Na gama-gari ana samunsu a shagunan tayil na Kumasi, fari mai igiyar ruwa, santimita 19 tsawo, 19 faɗi, 8 kauri. Idan aka haɗa da santimita ɗaya na siminti tsakani, 25 ke cika murabba'in mita. Ramin namu shida a kwance, goma sha biyu a tsaye, 72 ke nan. Abin da ya kai ni ga oda shi ne kala. Ina son layi biyu na kore daga sama har ƙasa, guda 24, ya dace da tayil ɗin matakalar, sannan layukan ƙasa a goge su su yi hazo don ko inuwar mutum kada a gani. Wannan babu shi a kan kanta. Aka haɗa ni da wani mai shago a Accra, ɗan zango ne ma, da Hausa muka yi cinikin tun daga farko har ƙarshe, abin da ya sa na saki jiki ke nan.

Kafin in biya ko pesewa, yaron ya ja min kunne a kan abu ɗaya. Bulon gilashi rabi biyu ne ake matsawa a injin, a haɗe bakinsu tun suna da zafi, sai cikin ya rufe ruf da 'yar iska busasshiya. Wannan rufin shi ne amfaninsa, shi ke rage zafi da ƙara. Kala kuma iri biyu ce. Akwai wadda ake zubawa a narkakken gilashin tun a tukunya, ita ba ta koɗewa har abada, sai dai launukanta kaɗan ne. Akwai kuma wadda ake huda bulon bayan an gama shi, a ɗura fenti a ciki, a toshe hujin. Wannan tana ba da kowane launi mutum ya ga dama, amma ta cikin ɗaki ce, ba ta bangon da rana da ruwa ke duka ba. Na tambayi mai shagon ɓaro-ɓaro, na gaya masa bangon waje ne, yamma yake kallo. Amsarsa tana nan a wayata da muryarsa: "Maigida, a jikin gilashin take. Ko jikanka ba zai ga ta koɗe ba." Ya aiko min da samfur ɗaya ta motar haya ta VIP, kore mai haske, na juya shi ta ko'ina, babu huji.

Maganar kuɗi ba zan daɗe a kanta ba, kowa ya san 2022. Da dala ya yanka farashi. Na ba da kafin alƙalami a watan Yuni dala tana wajen sidi 8, ga harajin E-levy na kashi 1.5 da aka fara cira a MoMo, wato kuɗin da ake turawa ta waya, tun Mayu. Kafin kaya su sauka tashar jiragen ruwa ta Tema a Nuwamba ta haura 13, cikon da ya rage ya kusa cinye kuɗin fentin benen gaba ɗaya. Wannan ba laifinsa ba ne, ban kuma ɗora masa ba. Abin dai da ciwo: ƙasar da ta gina masana'antar gilashi a Aboso, kusa da Tarkwa, tun zamanin Nkrumah, yau masana'antar ta daɗe da mutuwa, ɗan murabba'in gilashi sai an jira jirgin ruwa.

Kayan sun iso lafiya, gaskiya. Kwali mai kyau, kowane bulo da gidansa, biyu kawai suka fashe a hanyar Accra zuwa Kumasi, kuma daman na sayi rara. Koren ya fi samfurin duhu. Na kira shi, ya ce ai kowane zubi da yadda yake fitowa. Kuma ya fi samfurin kyau, sai maganar ta wuce. Gefen kowane bulo an shafe shi da farin fenti, haka ake yinsu don siminti ya kama kuma kada duhunsa ya fito ta cikin gilashin, saboda haka ba abin da ido zai gani a gefen.

Maginin da ya ɗora su kam, Allah ya saka masa. Mutumin Togo ne, irin waɗanda ake nema idan an zo aikin gamawa. Maginin da ya yi mana benen ya so ya jera su kamar bulon siminti, ya cika har ƙarƙashin linta ya tafi. Masta, wato mutumin Togon, ya ce a'a. Gilashi ba ya ɗaukar nauyin gini, kuma zafi na buɗa shi, sanyi ya tsuke shi, don haka sai da ya bi sama da gefe biyu da soso siriri, daga baya ya rufe da silikon. Ya sa siraran rodi na milimita 6 marasa tsatsa a cikin layukan siminti, ba tare da sun taɓa gilashin ba, da 'yan robobin da ke daidaita tazara. Farin siminti ya kwaɓa da tauri, don gilashi ba ya shan ruwa, idan kwaɓin ya yi ruwa sai bulon ya riƙa zamewa. Layi kaɗan yake ɗorawa ya tashi, sai gobe. Na yi ta ƙorafi a raina cewa jan aiki yake don kuɗin yini, amma har yau babu tsaga ko ɗaya a bangon, kuma nauyin gilashin kaɗai ya haura kilo 160.

Watannin farko ba ni da bakin magana sai yabo. Daga hantsi har magariba ba a kunna wuta a matakalar. Da la'asar sai koren ya kwanta a kan tudun, yara su zauna a nan suna tilawa. Ƙarar injin niƙan da ke bayan layinmu ta ragu sosai. Baaba Alhaji da kansa ya hau, ya manna fuska a jikin gilashin yana neman tsakar gidansa, bai ga komai ba sai dishi-dishi, ya ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka." Mutum uku na ba lambar mai shagon a lokacin. Da a watan nan na rubuta sharhin, taurari biyar zan ba shi har in nemi na shida.

Sai damina ta sauka. Wajen watan Yunin 2023, Mma ce ta fara lura, duk da raunin idon. Ta ce, "Wai ruwa ne ya shiga kwalaben naka?" Na duba, uku daga cikin koren na sama sun yi gumi ta ciki. Na sa tsumma, ba a waje yake ba. Na leƙa ta tsani, ba a baya yake ba. A cikin bulon yake, inda hannu ba ya kaiwa. Da rana ta buga sai gumin ya taru ya gangaro, yana jan kalar da shi, kamar atamfar araha a wankin farko. Kafin ƙaramar daminar Satumba da Oktoba ta wuce, tara sun lalace: samansu ya koɗe ya koma ruwan toka, ƙasansu ya tara wani kore mai kauri. Sauran kuma da ba su yi gumi ba rana ta fara cinye su, na sama sun fi na ƙasa fari, layin da aka yi don ado ya zama abin da baƙo ke tambaya, "Me ya samu nan?"

Na ɗauko ɗaya daga cikin rarar, yaron ya kankare farin fentin gefen da reza. Ga huji nan, ɗan ƙarami, an toshe shi da roba. Muka jawo kwalin daga ƙarƙashin matakala, muka ɓare takardar shagon da aka manna a gefe. A ƙarƙashinta akwai ta masana'antar, an rubuta ƙarara cewa na cikin ɗaki ne kawai. Daidai kan wannan rubutun aka manna tasu. Zai yiwu tsautsayi ne? Kwali huɗu na kore, duka huɗun wuri ɗaya.

Abin da ya fi ƙona min rai ba kalar ba ce, yadda ya amsa ne. Da farko ya ce magini ne ya wanke su da asid. Na ce asid ɗin ta ina ya shiga ciki? Ya ce to rijiyarmu ce ke da gishiri. Na tura masa hoton hujin, na tura hoton takardar, na mayar masa da muryarsa. Shiru. Da ya dawo sai ya koma wa'azi: "Haba Maigida, kai da ni 'yan uwa ne, kada abin duniya ya shiga tsakaninmu." Zumuncin bai tuna da shi ba ranar da yake manna takarda. Daga ƙarshe ya ce wanda ya yi masa odar a can ne ya canza, don masana'anta ba ta narka kala ta musamman saboda guda 24, sai an yi odar mai yawan gaske. Wannan na yarda gaskiya ne. Amma ai ya san haka tun kafin ya karɓi kuɗina, kuma samfurin da ya aiko na ainihi ne, ke nan ya san bambancin sarai. Da ya ce min, Maigida, koren da kake so ba zai samu ba sai mai hasken nan, da na karɓa hannu biyu.

Ya yi alkawarin aiko da goma kyauta. Ko sun zo ba su warware komai ba, don cire bulo ɗaya daga bangon da aka ɗaure da rodi ba wasa ba ne. Masta ya zo ya duba, ya ce sai a fasa kowanne da guduma, a sassaƙe simintin a hankali kada na kusa ya tsage, a kuma yi aikin ta ciki da waje. Wajen kuwa saman rufin Baaba Alhaji ne, sai an kafa katako a tsakar gidan mutumin da aka yi duk wannan don kada a dame shi. Kuɗin aikin ya kusa na ɗorawar farko. Kuma idan na kore ne irin waɗancan, shekara biyu a sake.

Tunda na fara, bari in faɗi sauran. Bulon gilashi ba ya buɗuwa. Haske yake bayarwa, ba iska ba, kuma a Kumasi iska ba abin wasa ba ce. Watan Fabrairu da Maris, idan rana ta juya yamma, saman matakalar ɗumi yake yi har bayan isha'i. Ya fi gilashi fale ɗaya dama-dama, amma sai da muka fasa 'yar taga ta luba can sama kusa da silin, inda ba mai leƙawa, kafin wurin ya shaƙu. Mai shago bai taɓa ambata wannan ba. Farin simintin ma hunturu ɗaya ya mayar da shi ja, ta ciki ana gogewa, ta waje sai dai ruwan sama ya yi abin da zai iya.

Farare 48 ɗin kuwa, har da gogaggun na ƙasa, ko ɗaya bai canza ba. Yadda aka ɗora su haka suke, kuma su ne ke yin aikin da na saya domin shi. Irin fararen da ba a goge ba ne ake sayarwa a nan garin ba tare da jiran jirgi ko lissafin dala ba. Wanda ke da lungu mai duhu ko banɗaki mai kallon gidan wani, ya saya, ya nemi maginin da ya taɓa ɗorawa. Wanda kuma ya nace sai mai kala a bangon waje, ya tafi da reza, ya buɗe kwalin da za a ba shi, ba samfur ba, ya kankare gefe a gaban mai shagon kafin ya cika kuɗi.

Mutum ukun da na ba lamba na bi su ɗaya bayan ɗaya na janye. Biyu ba su riga sun biya ba. Na ukun, wata Hajiya a Sawaba, ta riga ta sa shuɗi a bangon da ya raba falonta da wajen cin abinci, nata lafiya lau tunda a cikin ɗaki yake, har tana ganin na cika ƙorafi. Goman da aka yi min alkawari ba su iso ba, lambar tawa ma ina jin an toshe ta. Masta ya ce bayan Babbar Sallah zai samu sarari, za mu fasa koren duka 24 mu mayar da farare. Saura in je in durƙusa gaban Baaba Alhaji a kan maganar katakon.