Tagar rufin mota mai ɗaki: wace za a saya, da wane mastik za a liƙe ta

Motar kwana irin ta Turawa ba ta da yawa a Maraɗi, amma danginta suna nan: Hiace da Coaster da aka mayar ɗakin kwana ko ofis, motocin asibitin tafi-da-gidanka masu shiga ƙauyukan Dakoro da Mayahi, da tsofaffin motoci masu ɗaki da ake shigowa da su daga Turai. Yawancinsu suna da tagar iska a rufi, kuma mutuwarta iri ɗaya ce. Ranar Afrilu da Mayu ta ci murfin har ya yi fari-fari ya fara tsattsagewa, mastik ɗin gefe ya bushe ya saki, sai ruwan Agusta ya zo ya tona asiri. Kafin a ga ɗigon farko a ciki, ruwan ya daɗe yana kwance tsakanin tol, wato ƙarfen rufin, da silin, tsatsa ta riga ta kama.

Kafin a je kasuwa, a hau saman motar a duba ko tagar ce ta mutu ko murfinta kawai. In an danna leɓen da ya kwanta a kan rufi ya yi lanƙwasa bai fashe ba, hannun murɗawa yana aiki, to murfi da robar bakinsa kaɗai za a canza, kuɗin bai kai na sabuwar taga ba. In kuwa an ga tsaga ta tashi daga ramin sukuru zuwa gefe, ko aka kankare leɓen da farce ya zubo kamar garin alli, kada a ɓata mastik a kansa. A cire shi gaba ɗaya.

Awo shi ne abin da ya fi jawo asara. Ana auna ramin da ke rufin ne bayan an kwance firam ɗin ciki, ba murfin ba. Motocin Turai galibi raminsu santimita 40 da 40 ne, ƙananan na banɗaki 28 da 28. Na Amurka inci 14 da 14 ne, wato kusan santimita 35 da rabi. Tagar Turai ba ta shiga ramin Amurka sai an yanka tol, ta Amurka kuma in ta zauna a ramin Turai leɓenta da ƙyar yake samun wurin kamawa. Sai kaurin rufin. Mini Heki ta kamfanin Dometic, alal misali, iri biyu ce: ta rufi mai kaurin milimita 25 zuwa 42, da ta 43 zuwa 60. Rufin Hiace kuwa tol ne da bai kai milimita ɗaya ba, ga shi da kwari da tudu. Dole a yi masa firam na busasshen katako a ciki don a samu kauri da wurin da sukuru zai ciza, a kuma cike kwarin da yankakken faranti na roba mai tauri har wurin ya daidaita. Wanda ya yi niyyar cike kwarin da mastik zalla, to nan ne yoyon zai fara.

A tagogin kansu, mafi sauƙi ita ce mai murfi kawai, ba fanka, irin Fiamma Vent ko Mini Heki. Ba ta cin batir, ba abin da zai ƙone. Sai dai motar da ke tsaye cikin zafin da ya haura digiri 40, ramin da ba fanka bai cika fitar da komai ba. Kuma in za a sayi irin wannan, a nemi mai farin murfi da haske bai ratsawa. Murfi mai garai-garai an yi shi ne don ƙasashen da ke kwaɗayin rana. A nan yana mayar da motar tanda.

Mai fanka ita ce ta dace da yawancin masu kwana ko aiki a cikin mota. Fiamma Turbo-Vent da Fan-Tastic suna jan iska da kyau, amma murfinsu ɗagawa yake, in hadari ya taso sai a rufe, daidai lokacin da gumi ya fi damun mutum. MaxxFan Deluxe tana da rumfa a jikinta, tana aiki ana ruwa, gudunta hawa goma ne, kuma tana juyawa ta shigo da iska ko ta fitar. Tsadarta ta fi, ta kuma fi ramin tsawo ta baya, don haka mai ƙarfen ɗora kaya ko farantin sola a rufi ya auna wurin tukuna. Duk waɗannan fankokin na wutar bolt 12 ne, a ƙarshen gudu suna cin kimanin amfiya 3. Hiace ba matsala. Coaster mai gazuwal galibi bolt 24 ce, in aka jona kai tsaye fankar ta ƙone nan take, sai an sa mata na'urar rage wuta da fiyus.

Akwai abin da takardar kamfani ba za ta faɗa ba, wato ƙura. Wasu tagogin suna da ɗan kafar iska da ba ya rufuwa ko murfi na kulle. In ana girki da gas a cikin motar, wannan kafar tilas ce, rai ake karewa. In ba a girki, a hanyar jar ƙasa da lokacin hunturu ƙurar da take shigowa ta nan ba kaɗan ba ce, gara a zaɓi mai rufewa ruf. Ragar sauro kuma a tabbatar mai cirewa ce a wanke, don ƙura tana toshe ta cikin ƴan makonni.

Yanzu ga inda aikin yake, mastik. Abin da ke hana yoyo shi ne wanda aka shimfiɗa a ƙarƙashin leɓen taga, tsakaninta da rufi. Wanda ake shafawa a sama kariya ce ta biyu. Mutane da yawa suna juya abin: su ɗaure taga a kan busasshen tol, sannan su lafta farin silikon a gefe kamar yaɓen laka.

Silikon na gilashi da banɗaki shi ya fi arha, ana samunsa a kowane shagon kayan gini, shi ne kuma ya fi cuta. Mai warin tsami yana sakin asid lokacin bushewa, yana cin tol ɗin da fentinsa ya kankare. Girgizar hanya tana sa shi ya saki robar taga, ruwa ya bi ta ƙarƙashinsa alhali daga sama kamar lafiya lau. Mafi muni, wurin da silikon ya taɓa ba abin da ke sake kamawa, har shi silikon ɗin, sai an kankare an goge tas. Facin kwalta mai bayan alminiyom da ake liƙe kwanon gida da shi yana iya fitar da mutum kunya a tsakiyar tafiya, amma zafi yana narkar da shi ya zubo baƙi a jikin mota.

Na ƙarƙashi mafi dacewa shi ne butil, ko na naɗi mai faɗin santimita 2 zuwa 2 da rabi da kaurin milimita 3, ko na kwalba irin Dekaseal 8936. Ba ya bushewa, yana nan kamar danƙo yana bin motsin rufi, ranar da za a sake cire tagar kuma yana saki ba tare da an fasa komai ba. Shi ba gam ba ne, sukuru ne ke riƙe tagar. Mita biyu ya isa zagaye ɗaya na taga mai 40 da 40. A sayi ninkinsa saboda kwarin tol. Sikaflex 221 kuwa liƙewa yake da ƙarfi, ya dace da tol da faiba, amma cire shi sai da wuƙa, kuma rana tana cin fuskarsa in ba a yi masa fenti ba. Don layin sama da kawunan sukuru, Sikaflex 522 ya fi jure rana. Motar Amurka mai rufin roba, EPDM ko TPO, nata daban ne: mastik ɗin Dicor mai malala da kansa, kuma kada fetur ko kananzir ko tina su taɓa wannan robar, kumbura take ta saki. Kwalba ɗaya ta mililita 300 tana isar taga ɗaya a rufi mai santsi.

A duba kwanan watan da ke jikin kwalbar. Irin su Sikaflex ba su wuce kimanin shekara guda a ajiye, kuma an so a aje su wurin da bai kai digiri 25 ba, abin da shagon kwano a Maraɗi ko Kano bai san shi ba. Kwalbar da aka soka, abin ciki ya fito da gudaji ko ya ƙi fitowa, ta riga ta mutu.

Ranar aiki a sa motar a inuwa, a fara da sassafe, don tol ɗin da ya sha rana yana wuce zafin da mastik ke jurewa, ya yi kumfa. A kankare tsohon da makankarar roba, ba ta ƙarfe ba. Tsatsa a goge ta da sanfefa har ƙarfe ya yi haske, a shafa fentin hana tsatsa, har da bakin ramin da tsofaffin ramukan sukuru. A goge wurin da alkol, a bari ya bushe. Butil ya zagaya leɓen ba yankewa, ya bi ta kan ramukan sukuru, mahaɗarsa ta kasance ta baya. Maƙalar murfi ta fuskanci gaban mota, in ba haka ba iskar hanyar Damagaram za ta ɗaga murfin ta yi gaba da shi. Sukuru ya zama wanda ba ya tsatsa, a ɗaure da hannu, kusurwa da kishiyarta, har butil ya ɗan leƙo ko'ina. In aka matse da injin, leɓen ya tsage ko butil ɗin ya tsere gaba ɗaya. Washegari a ƙara ɗan juyi, a yanke abin da ya leƙo, sannan a ja layin sama a rufe kowane kan sukuru.

Sikaflex da raɓar iska yake bushewa, kimanin milimita 3 a yini in iska na da laima. Cikin busasshiyar iskar hunturu ya fi haka jinkiri, ga ƙura tana manne masa, shi ya sa farkon kaka ya fi daɗin wannan aiki. A ba shi kwana biyu ko uku kafin tafiya. Sannan mutum ɗaya ya hau da bokiti yana zuba ruwa a hankali daga gaban tagar zuwa bayanta, ɗaya yana ciki da tocila, kuma kada a mayar da firam ɗin ciki sai an gama wannan gwajin, don shi ne ke ɓoye ɗigon farko.